Murfin da Velaphi Ya Ƙi Karɓa

Velaphi Hlongwane mutum ne mai riƙo. Idan ka taka shi a kasuwa ka ba shi haƙuri, zai ce maka ya wuce, amma ƙarya ce, ajiyewa ya yi. Sai ranar da ka zo aron gatari zai tuna maka ƙafar da ka taka, har da takalmin da kake sanye da shi a ranar. Ban da wannan hali ba shi da wani abin kushewa. Ba rago ba ne, ba mashayi ba ne, kuma ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Sai dai hali guda ya isa ya rusa gida.

Gidansa yana gindin duwatsu, can bayan garin Bergville, inda masu hawan dutse ke sauka. Yana da ɗakunan baƙi biyu masu rufin ciyawa, amma ba don ɗakunan ake zuwa wurinsa ba, don bahon ake zuwa. Ƙaton baho ne na katako, zagayayye, an ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe, mutum shida za su zauna a ciki ruwa ya kai musu wuya. Yana da murhu a gefe da ake hura wa itace. Wanda ya wuni yana hawan dutse, ƙafafu sun yi tsami, idan ya shiga wannan ruwan ɗumi yana kallon rana tana faɗawa bayan duwatsu, ba ya son a ce masa ya fito. Da wannan baho Velaphi ke ci da iyalinsa, da shi kuma yake taƙama.

Kuma gaskiya yana kula da shi. Duk baƙon da ya tafi, sai Velaphi ya zubar da ruwan, ya shiga ciki da buroshi ya goge katakon, sannan ya cika shi da ruwan da ke gangarowa daga idon ruwa. Yana ajiye ƙaramar roba a gindin matakala don kowa ya ɗauraye ƙafarsa kafin ya shiga. Idan wuta ta kama, yana juya ruwan da wani faffaɗan katako kamar muciya, don kada sama ya yi zafi ƙasa ya yi sanyi. Abu ɗaya ne ya gagare shi, shi ne ganye.

A bayan shingensa akwai wata tsohuwar magaryar kura, wadda babban reshenta ya miƙo har kan bahon. Kullum sai ta zubo masa 'yan ganye, wani lokaci da fure ko 'ya'ya. Ba su da yawa. Da raga mai dogon mariƙi, kafin shayi ya huce ya kwashe su. Amma duk ganyen da ya tsamo, sai ya ji kamar zagi aka aiko masa, domin bishiyar tana cikin gidan MaZwane ne, matar ƙanensa marigayi Fanyana.

Abin da ya haɗa su kuwa, in ka ji sai ka riƙe baki. Da Fanyana ya shekara da rasuwa, aka yanka bijimi aka tara dangi kamar yadda aka saba. Akwai wani yanki na naman saman haƙarƙari da ake ajiye wa babban gida, kuma Velaphi ne babba tunda mahaifinsu ya rasu. Masu fiɗa suka yi kuskure, suka kai wa yayan MaZwane. Ita tana can wajen tukwane, ba ta ma sani ba. Da ta ji, washegari ta aika masa da kaza da ban haƙuri. Ya mayar mata da kazarta. Tun daga ranar, in ta gaishe shi sai ya amsa wa iska.

Wata safiya yana tsaye yana tsamo ganye yana tsaki, sai MaZwane ta leƙo ta kan shinge. Ta ɗan rusuna, ta kira shi da sunan da ake kiran yaya.

"Bhuti, ina kwana?"

Ya ci gaba da jan ragarsa.

Ta ce, "Bhuti, kullum ina ganin wahalar da kake sha. Ka san kafin ƙanenka ya tafi ya ƙera wa bahon nan murfi. Yana nan jingine a bayan ɗakina, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba. In ka rufe, ba ganye ba, ko ƙuda ba zai faɗa ba. Ruwan ma zai fi riƙe zafi, ka huta da cin itace. Ka turo a ɗauka."

Gaskiya ta faɗa. Tare suka haɗa bahon shi da Fanyana, kuma Fanyana ne kafinta. Murfin ne aikinsa na ƙarshe kafin ya koma Johannesburg, inda mota ta buge shi.

Velaphi ya juyo a hankali ya ce, "Wato yanzu ke za ki koya mini aikina? Ni in rufe bahona saboda ƙazantar bishiyarki? Ki kai wa yayanki murfin. Ai shi ne babba a gidan nan, ya rufe naman da ya ci."

Ta ce, "Haba Bhuti. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba."

"Sare bishiyar. Shi ne gyaran."

MaZwane ta koma ciki. Da yamma mahaifiyarsu, wadda kowa a kwarin ke kira Gogo, ta dogaro sandarta ta zo. A gidan MaZwane take zaune tun rasuwar Fanyana, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da Velaphi ya ajiye a ransa.

Ta ce, "Velaphi, na ji wai kana neman a sare bishiyar ubanka."

"Ma, sana'ata take ɓatawa."

"Ganye nawa? Ko cikin tafin hannuna bai kai ba. Kai ka manta abin da bishiyar nan take? Da ubanka ya mutu a asibiti, reshenta aka kai aka ɗauko shi. Da ƙanenka ya mutu a titin mutane, wa ya karya reshe ya tafi da shi?"

Velaphi ya sunkuyar da kai, domin shi ne. A al'adarsu, wanda ya mutu nesa da gida, da reshen magaryar kura ake zuwa inda ya faɗi, a kira sunansa, a ce masa ya taso a tafi gida. Velaphi ya yi wannan tafiya. Ya biya wa reshen kujera guda a motar haya kusa da tasa, bai yi wa kowa magana ba sai shi. Duk gadar da suka haye sai ya ce, "Fanyana, ga mu a kan kogi, kada ka tsaya." Da haka ya kawo ƙanensa har ƙofar gida, yana hawaye.

Gogo ta ce, "Ka je ka ɗauki murfin nan, ɗana. Girman kai ba ya tsamo ganye."

Bai ɗauka ba. Kuma tun daga ranar abin ya ƙara cin sa. Yanzu har uwarsa an juya masa. Kullum da safe yana tsamo ganye yana lissafa laifuffukan MaZwane, na gaske da na ƙirƙira. Idan iska ta kaɗa, sai ya ga kamar ita ta turo ta. Ya rantse a ransa sai matar nan ta ji abin da ya ji, sai ta tashi wata rana ta ga abin da take ji da shi ya zama itacen wuta.

Kuma ya san hanya. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki da masu kashe baƙin itatuwan da aka kawo daga ƙasashen waje, masu shanye ruwan rafi, har ya zama shugaban ayari. Ba sarewa suke yi ba. Sassara gindin ake yi a kewaye da adda, a karkace saran ya kalli ƙasa, sannan a ɗura magani a cikin tsagar, itacen ya mutu a tsaye. Duk kwarin an san babu mai tsabtar sara kamar Velaphi. Akwai ma ragowar maganin a wata jarka a rumbunsa.

Wata Lahadi a farkon damina, da hantsi, kowa ya tafi coci. Ana jiyo waƙarsu daga nesa. Velaphi ya tsallaka shinge da addarsa. Da ya ɗora hannu a jikin bishiyar, sai ya tuna reshen nan a kan kujerar mota. Amma ya tuna naman haƙarƙari kuma, sai zuciyar ta bushe. Ya kewaye gindin da sara can ƙasa-ƙasa, ya ɗura magani har ya tumbatsa, ya kwaɓa laka ya shafe wurin, ya jera duwatsu ya rufe. Ya koma gida ya ci tuwon masararsa da nono, ya ji daɗinsa fiye da kullum.

Da farko ba a ga komai ba. Sai da damina ta yi nisa, duk duwatsu suka yi kore shar, sannan magaryar ta fara yin rawaya daga sama. Velaphi yakan hangi MaZwane tsaye a gindinta ta riƙe haɓa, ko tana zuba mata ruwan wanke-wanke wai ko ƙishi take ji. Sai ya shige ɗaki ya yi dariya har da buga cinya.

Abin da bai lissafa ba, shi da ya kashe itatuwa ba adadi, shi ne a daji ya kashe su, ba a kan bahonsa ba. Bishiya mai rai kaɗan-kaɗan take sakin ganye. Mai mutuwa kuwa duka take saki. Ganye ya fara zuba kamar ana sheƙar hatsi. Ya kwashe da safe, kafin ya juya ruwan ya sake rufewa. Bayan ganye sai busassun 'ya'ya, sai ɓawo, sai ƙananan rassa masu ƙaya. Ita kuwa magaryar kura ƙayarta bibbiyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasassa kamar ƙugiya. Ganyen yana iyo a sama, raga na kama shi. Ƙayar in ta jiƙa nutsewa take yi, ta kwanta a kan bencin da ake zama. Ruwan da a da kake ganin ƙasansa ya koma kamar shayin da aka manta a buta.

Duk wannan, murfin yana nan a bayan ɗakin MaZwane, taku kaɗan daga shinge. Ko a lokacin da ya je ya ce a ba shi, da an ba shi. Amma ya gwammace ya wuni da raga a hannu har kafaɗarsa ta riƙe.

Ana cikin haka hutun Kirsimeti ya zo, wanda a can ƙasar cikin damina yake faɗowa, lokacin da ya fi samun baƙi. Wata mata mai suna Phumzile, wadda ke kawo masa ayarin baƙi daga Durban duk shekara, ta zo da matan adashensu, sun tara sun zo hutawa. Rabin baƙin Velaphi ta hannunta suke zuwa. Ranar tun asuba ya canja ruwa, ya hura wuta, ya tsaya a kai yana gadi. Da suka sauko daga dutse da la'asar, ruwan ba laifi. Suka ɗauraye ƙafa suka shiga suna shewa. Sai iskar da ke gaban hadari ta taso, ta girgiza bishiyar sau ɗaya.

Kafin ka ce kwabo, ba a ganin ruwa, sai kawunan mata a cikin ganye.

Wata mai jiki a cikinsu ta tofar da ganye ta ce, "Baba, miya za ka yi da mu ne? Ga ruwan zafi, ga ganye, ga nama. Gishiri kawai ya rage!"

Suka kwashe da dariya. Velaphi ya rugo da raga yana cewa, "Yi haƙuri Sisi, yanzu-yanzu zan kwashe." Garin sauri ya kamo gashin da wata ta saka a ka, ya ɗago shi sama yana ɗigar ruwa.

"Kai! Baba, mayar mini da kaina!"

Har nan abin dariya ne. Sai Phumzile ta gyara zama, ta zabura da ƙara. Lanƙwasasshiyar ƙaya ta shige mata cinya, da ta ja kuma ta yage fatar. Jini ya bazu a ruwan. Matan suka yi ta rige-rigen fita, wata ta taka ƙaya a matakala, wata ta zame ta bugi gwiwa. Dariya ta ƙare.

Phumzile tana danne da ciwon da tawul ta ce, "Baba Hlongwane, shekara nawa ina kawo maka mutane? Ko tukunyar shayi tana da murfi. Kai ka rasa abin da za ka rufe wannan da shi?"

Maimakon ya ba da haƙuri, sai tsohon halin ya motsa. Ya juya wajen shinge ya ɗaga murya yadda duk maƙwabta za su ji. "MaZwane! Fito ki ga abin da bishiyarki ta jawo mini! Ba na ce ki sare ta ba?"

MaZwane ta fito, Gogo na biye da ita, maƙwabta ma suka taru. Gogo ba ta kalli baƙin ba. Ta daɗe tana kallon bishiyar, sannan ta kalli duwatsun da ke jere a gindinta.

Ta ce, "MaZwane, ke kika jera duwatsun nan?"

"A'a, Ma. Na ɗauka ke kika sa aka jera."

Tsohuwa ta sa sanda ta ture su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sama ya riga ya wanke rabin lakar. Ga sara nan ya kewaye gindin, kowanne a karkace yana kallon ƙasa, jere reras kamar haƙoran zarto. Babu wanda ya tambayi ko aikin wane ne. Wani dattijo maƙwabci ya girgiza kai ya ce, "Hannun nan ai ko a mafarki na gan shi na san shi."

Kowa ya juya ya dubi Velaphi.

Gogo ta ce, "Velaphi, watan gobe za a kai ni asibiti a birni su yi mini tiyata. Na tsufa, ƙila in dawo, ƙila ba zan dawo ba. Da na san reshen da ya kawo mijina da ɗana shi zai kawo ni. Yanzu da me za a je ɗauko ni? Da ragarka?"

"Ma, akwai wasu a daji, zan..."

"Ba kai za ka je ba. Wanda ya yi wannan ba zai kira sunana a kan hanya ba." Ta juya ga mutanen da ke tsaye. "Ku zama shaida. Kada kowa ya sare ta. A bar ta a tsaye, ya riƙa tashi da ita kullum yana kwana da ita."

Matan Durban suka kwashe kayansu a yammacin nan. Kafin su kai bakin kwalta, hoton bahon cike da ganye ya zaga wayoyin mutane. Phumzile ba ta sake kiransa ba.

Gogo ta je asibiti ta dawo da ranta, amma ba ta ƙara taka gidansa ba. Bishiyar kuwa ta tsaya ƙeƙasasshiya, babban reshen nan yana rataye a kan bahon. Velaphi ya san itace, ya san abin da gara da tsutsa ke yi wa mataccen reshe. Bahon kuma ba ya ɗaguwa, an gina gindinsa da siminti tare da murhun. Da sanyi ya shigo, ya danne zuciyarsa ya je bakin shinge, karo na farko da ya yi mata magana cikin lalama.

"MaZwane, reshen nan kawai nake so in rage."

Tana shanya, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Bhuti, ni wace ce da zan koya maka aikinka? Gogo ta ce a bar ta."

A watan Agusta, ƙarshen sanyinsu a can, lokacin da busasshiyar iska ke gangarowa daga duwatsu, wata rana da tsakar rana aka ji ƙara kamar harbin bindiga. Reshen ya ɓalle ya faɗa tsakiyar bahon. Ɗamarar ƙarfen ta tsinke, katakon ya baje kamar an fasa ƙwarya, murhun ya rushe. Ruwan ya malale ta tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin shinge ya tsaya a gindin matacciyar bishiyar. Wanda ya iya haɗa irin wannan baho a kwarin mutum ɗaya ne, kuma Velaphi da kansa ya rako shi gida da reshe.

Yana zaune a kan ɓaraguzan ya haɗa kai da gwiwa, sai ya ji ana gungurowa da wani abu. MaZwane ce. Ta garo murfin tun daga bayan ɗakinta har tsakar gidansa, ta sake shi ya kwanta a gabansa. Ta goge shi tas, har ta shafa masa mai. A gefe ga sunan Velaphi da Fanyana ya sassaƙa da hannunsa.

Ta karkaɗe hannuwanta ta ce, "Ga murfinka, Bhuti. Ƙanenka ya ce in ba ka. Sai ka nemi abin da za ka rufe."

Ta juya ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Matsalar Velaphi ba ta wuce cikin tafin hannu na ganye ba, kuma maganinta yana jingine a bayan shinge, kyauta. Rigakafi ya fi magani: abin da murfi zai tare, kada ka jira sai ka bi shi da raga, balle ka ɗauki adda. Amma riƙo ya hana shi karɓar alheri daga hannun da ya ƙullata, ya gwammace ya kashe abin da ya haɗa shi da uwarsa da ƙanensa don ya ƙona ran mace guda. Ƙaiƙayi kuwa kan masheƙiya yake komawa. Idan an yi maka laifi aka ba ka haƙuri, ka karɓa tun kazar tana da rai. Idan wanda ba ka so ya nuna maka gyara, ka dubi gyaran, ka bar kallon fuskarsa. Wanda ya ƙi haka, wata rana za a kawo masa murfin har gida, a lokacin da ba shi da sauran abin rufewa.